Yadda Na Lanƙwasa Katangar Baffa Magini

Laifin da na fara yi ƙarami ne, har idan na ba da labarinsa mutane kan ce, to a kan wannan kake ta sunkuyar da kai? Wani gilashi ne mai faɗin bakin kofin shayi na ɗauko daga ƙasan jakar Yayana, na murɗa shi a gaban kyamararsa don ta ƙara tsawo, a gan ni da ita a ce lallai yaron nan ya san aiki. Ban fasa komai ba, ban ɓatar da komai ba. Amma da gilashin nan na raba wani dattijo da aikinsa, kuma na yi kwana biyar ina cin tuwo har da neman ƙari alhali na san ni ne.

Yayana ɗalibi ne a jami'ar garinmu Wudil, ranakun da babu lakca kuma yana ɗaukar hoton biki da suna da na masu gama karatu. Yadda yake ji da kyamarar nan, da gobara za ta tashi a gidanmu, Allah ya kiyaye, ita zai fara fitarwa, ya koma ya ɗauko caja, sannan ya tsaya a ƙofar gida ya tambaya ko wani ya ga Umma. Ƙyallen da yake goge ta da shi ya fi duk rigunana tsabta. Dokarsa guda ce a kaina: ko inuwata kada ta faɗa kan jakar.

A lokacin Babanmu yana riƙe da amanar wani gini. Mai ginin malamin jami'a ne da ya daɗe yana haya a maƙwabtanmu, kowa Dakta yake ce masa. Ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje, ya bar fili a bayan jami'a, ya ce Baba ya tsaya masa a tayar da gida kafin ya dawo, kuma yana so a rufa kwano kafin damina. Baba bai yi dogon tunani ba, ya kira abokinsa na yarinta daga Darki, wanda muke kira Baffa magini. Mutum ne dogo, marar yawan magana, hannunsa kamar an sassaƙa shi daga kututture. Ya fi shekara talatin yana gini. Idan lebura ya miƙo masa bulo mai ɗan aibu, ko kallonsa ba ya yi, da hannu zai ji ya mayar masa.

Duk bayan mako biyu, ran Asabar, Yaya yakan je ya ɗauki hotunan ginin a tura wa Dakta. Da hoton nan kaɗai Dakta yake ganin gidansa. Wayar Baba 'yar ƙarama ce mai tocila, tawa kuma kyamararta ta mutu tun ranar da ta yi iyo a bokitin wanki.

Sai ga shi kakarmu ta kwanta asibiti a Kano, aka ce Yaya ne zai je jinya. Ran Juma'a kafin ya tafi ya zaunar da ni kamar mai barin wasiyya. Ya saita komai, ya rataya mini igiyar kyamarar a wuya da hannunsa.

"Nan kawai za ka danna. Ka ji? Nan. Ba nan ba, ba nan ba, ba can ba."

"Na ji, Yaya."

"Idan ka ga wani rubutu ya fito, kada ka karanta, kashe ta. Kuma zip ɗin ƙasan jaka ba ruwanka da shi."

Da bai ambaci zip ɗin ba, wallahi da ban san da shi ba. Motarsa ba ta haye gada ba na zuge shi. A ciki na tarar da gilashin, a naɗe cikin tsohuwar safa, baƙi, mai nauyi, bakinsa a buɗe kamar na tulu. Na ga yana da zare irin na murfin kwalba, na gwada shi a gaban lens, wato idon kyamarar, ya shiga daidai kamar don shi aka yi. Na je gaban madubin Umma na ɗaga. Abin da na gani a madubin ba ɗan aji huɗu na sakandare ba ne, wani babban ɗan jarida ne da gwamna ke tsoron tambayarsa.

Washegari da hantsi na tafi wurin ginin, na bi ta hanya mafi tsawo don jama'a su amfana da ganina. Na tarar an sauke tifar yashin kogi, leburori suna kwaɓa siminti, Baffa yana kan katakon da suke takawa, yana jera layin ƙarshe kafin a zuba linta, wato kankaren da ke ɗaure saman katanga.

"A'a, yau ɗan Malam ne da kansa? Ina babban mai hoton?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Yaya ya tafi jinya. Ya yi wa kakarmu addu'a, sannan ya dubi abin da ke wuyana.

"Wannan kuwa ba ta ƙara girma ba? Ko ciyar da ita kuke yi?"

Leburori suka yi dariya, ni kuma na ce ai wannan ta manyan ayyuka ce. Wani a cikinsu ya ce in ɗauke shi ya kai wa budurwarsa, amma in cire masa ƙurar siminti in saka masa mota a baya.

Doguwar katangar gidan tana fuskantar wani lungu ne matsattse, bayanka katangar maƙwabci, ba inda za ka ja da baya. Na sha ganin Yaya yana ɗaukarta kashi biyu, rabi-rabi. Ni kuwa da na leƙa sai na ga katangar gaba ɗayanta ta shigo, daga wannan kusurwa har waccan, har da sama da ƙasa da wata akuya da ba a gayyata ba. Na ce a raina ashe Yaya bai iya ba ne. Na roƙi Baffa ya sauko ya tsaya a tsakiya. Ya ce shi ba ya son hoto, amma ya sauko, ya wanke hannu a durom, ya gyara hula, ya tsaya cak da cokalin gininsa a hannu, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Na danna. Na duba bayan kyamarar.

Baffa yana tsakiya, a miƙe kamar yadda Allah ya yi shi. Katangar kuwa ta kumbura. Layin sama ya yi doro, ya hau a tsakiya ya gangara a gefe biyu, kusurwoyin sun turo ciki waje kamar buhun da aka cusa wa gero fiye da kima. Na ɗaga kai na kalli katangar, tana nan sambal. Na sake kallon hoton, tana da ciki. Dariya ta kama ni har na jingina da katangar maƙwabci.

Ina so in ce ban gane komai ba, amma ƙarya ne. Ban san dalili ba, gaskiya, amma na san idona ya ga miƙaƙƙiyar katanga, na kuma san abin da na ɗaura wanda ba a ce in ɗaura ba. Na koma gida, na kwance gilashin, na mayar da shi cikin safarsa, na zuge zip. Na zuba hotunan a wayata na tura wa Dakta guda shida, ban ko tsaya zaɓe ba, don hankalina yana wani wuri. Hankalina yana guruf ɗin ajinmu na waya. Na saka hoton Baffa da katangarsa, na rubuta a ƙasa: Katangar nan ta shiga wata tara, don Allah mai lambar ungozoma ya taimaka.

A ajinmu ni ne mai ba da dariya, matsayin da na sha wahala kafin na samu, kuma akwai wani yaro mai kwaikwayon muryar malamai da ke neman ƙwace mini shi. Ranar nan na binne shi. Kafin la'asar wayata ta yi zafi kamar dutsen guga. Wani ya haɗa hoton da kukan jariri. Wata ta ce a tanadi ragon suna. Daga guruf ɗinmu ya tsallaka na 'yan aji biyar, daga nan ya shiga na ɗaliban jami'a, daga nan ban san inda ya bi ba. A wani wuri a hanya wani ya gane fuskar, ya ƙara rubutu a sama: aikin maginin Darki.

Ran Lahadi da safe saƙon murya ya shigo daga Dakta, ya ce in kai wa Baba. Na riƙe wayar Baba yana saurare. Dakta bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratar da ni. Ya ce a ƙasar da yake burodi da ruwan shayi yake ci don ya tayar da gidan nan. Ya ce ya nuna wa wani abokinsa injiniya hoton, ya ce masa idan aka ɗora linta a kan wannan katangar to a shirya janaza. Ya ce a dakatar da aiki yau, kada a ƙara bulo ɗaya.

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya kusanto da ita, ya cire tabarau, ya mayar.

"Sa takalminka," ya ce.

Mun tarar da Baffa shi kaɗai yana yayyafa wa bulo ruwa. Suka gaisa gaisuwarsu mai tsawo, iyali, gona, jikin tsohuwa, zafin gari, kamar ba abin da ya kawo mu. Sannan Baba ya miƙa masa wayar. Baffa ya goge hannu a rigarsa ya karɓa da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo.

Sai ya ɗauko igiya ya ɗaura daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ja ta har tana ƙara. Layin bulo ya bi igiyar tiryan-tiryan, ko allura ba za ta shiga tsakani ba. Ya ɗauko ɗan ƙarfensa mai tsini da yake ratayawa a zare, ya sake shi daga saman kusurwa, zaren ya sauko yana shafar bango daga sama har ƙasa. Ya ɗora katakon awo mai ɗigon ruwa, ɗigon ya zauna a tsakiya.

"Malam, ka gani da idonka."

"Na gani. Ko ban gani ba na san aikinka."

Baba ya kira Dakta a wurin. Ina jin muryarsa tana fitowa 'yar siririya: "Malam, ina girmama ka, na kuma san abokinka ne. Amma ni hoto na gani." Baba ya roƙi wani mai shago a bakin lungun ya ɗauka da wayarsa. Lungun ya matse, wayar ba ta cin katangar sai gutsure-gutsure. Dakta ya ce an zaɓo masa wuraren da suka yi kyau ne, a turo masa gaba ɗayanta kamar na jiya.

A nan Baba ya juyo gare ni.

"Kai, ka yi wa hoton nan wani abu? Irin wasannin nan naku na waya?"

"Ban taɓa hoton ba, Baba. Yadda ya fito haka na tura."

Na sha ba kaina uzuri cewa abin da na faɗa gaskiya ne. Amma na san abin da Baba yake tambaya, kuma na san amsar tana cikin safa a ƙasan jaka. Abin da na hango kawai shi ne fuskar Yaya, da kuma guruf ɗin ajinmu idan aka ji cewa gwanin ba da dariya bai ma iya riƙe kyamara ba.

Baffa ya ce in ƙara masa girman hoton. Na ja da yatsu. Ya bi layin da farcensa a hankali.

"Aikina ne," ya ce. "Ga inda na sa rabin bulo. Ga tabon da yaron nan ya zubar da kwaɓi." Ya ɗaga kai ya kalli katangar, ya murza idonsa da bayan hannu. "Malam, ko dai idona ne ya fara tafiya? An ce inji ba ya kuskure."

"Igiyar ma idonta ya tafi?" in ji Baba.

Baffa ya sake ɗaura igiyar.

Ran Litinin a makaranta aka ɗaga ni sama kamar na ci ƙwallo a wasan ƙarshe. Har wani malami ya tare ni a baranda ya ce, kai ne na katanga? Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Na ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa, amma na ji daɗi ƙwarai, na ma ƙara da cewa da na matsa kusa na ji katangar tana motsi.

Ran Talata Baffa ya zo gidanmu bayan la'asar. Ina tsakar gida ina jin su a zaure. Akwai wani Alhaji a Lajawa da ya yi masa alkawarin ginin shaguna, an ma sa ranar fara haƙa. Ɗan Alhajin ya nuna wa mahaifinsa hoton. Alhaji ya aiko a gaya wa Baffa ya dakata tukuna, za a neme shi.

"Har da rubutu a kai, Malam," in ji Baffa. "Jikana ne ya karanta mini. Wai a nemo ungozoma." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ko wane ɗan albarka ne ya zauna ya tsara wannan?"

Umma ta miƙo mini kwanon ruwa ta ce in kai musu. Na kai, na durƙusa, na ajiye. Baffa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Malam." Na fito na shiga banɗaki na tsaya, ba don ina jin komai ba, don dai nan ne kaɗai ba mai kallona.

Ran Laraba da aka tashi daga makaranta ƙafata ta kai ni wurin ginin. Na ce wa kaina zan faɗa masa, na ma shirya kalmomin tun daga bakin titi. Na tarar da shi a kan katako shi kaɗai, ba lebura ko ɗaya, rana tana dukansa. Yana sauke layi biyu na sama. Da kurfi da guduma yake bin simintin a hankali don kada bulon Dakta ya fashe, ya ciro ɗaya, ya kankare shi, ya sauko da shi a kafaɗa, ya jera a ƙasa, ya sake hawa.

"Baffa, me kake yi?"

"Inda ya fi doro a hoton nake cirewa. Idan Dakta ya yarda in sake jerawa, sai ka zo ka ɗauka mu gani ko ya gyaru." Ya share gumi. "Ka zo da wani saƙo ne?"

Kalmomin da na shirya suna nan a bakina. Na ce, "A'a, wucewa nake yi." Na ma taya shi jera bulo huɗu, kamar wannan zai rage wani abu.

Ran Alhamis da azahar Yaya ya dawo, kakarmu ta samu sauƙi. Bai cire takalmi ba ya ce in kawo jakar. Ashe hoton ya iske shi har gadon asibiti, wani abokinsa ya tura masa yana tambaya ko wannan ba lungun da yake zuwa ba ne.

Ya zauna a bakin katifa ya kunna kyamarar, ni ina tsaye a bakin ƙofa inda gudu zai yi sauƙi. Ya buɗe hoton, ya danna wani wuri, rubutu ya cika gefe.

"Ka san duk hoton da ta ɗauka tana rubuta sunan lens ɗin da aka yi aiki da shi?"

Ban sani ba.

"Ga shi, ta rubuta lens ɗina ne, na kullum. Gyaran hoto da take yi da kanta kuma a kunne yake, ba ka kashe ba." Ya ɗaga ta ya ɗauki ƙofar ɗakin, da ni a ciki. Ya duba. "Ƙofa a miƙe. Kai ne dai a karkace." Ya koma kan hoton katangar. "Sau nawa na tsaya a lungun nan? Lens ɗina rabin katangar yake ci. Wannan ya cinye ta duka har da akuya. Kuma dubi kusurwoyin hoton, sun yi duhu kamar an leƙa ta cikin bututu. Dubi gefen bulon nan, shuɗi-shuɗi da ja-ja." Ya ajiye kyamarar a cinyarsa. "Auta. Ka buɗe zip ɗin ƙasa?"

Na ce iska ce ta... ban ƙarasa ba, don ni kaina ban san me iska za ta yi ba.

Na zaci duka zan sha, har na fara zaɓen kafaɗar da zan tara. Maimakon haka ya ce in zauna. Ya danna wani maɓalli, ya murɗe lens ɗin ya cire, abin da bai taɓa yi a gabana ba. Ya nuna mini bayansa. Akwai wasu 'yan ɗige-ɗige masu ruwan zinare a jere, a bakin kyamarar ma akwai 'yan'uwansu.

"Ta nan suke magana. Da ka ɗaura shi ka kunna, zai gaya mata ko shi wane ne, ya gaya mata an murɗa shi kusa ko nesa, da yadda ƙofar haske ta buɗe. Babu lens ɗin da ba shi da aibu. Wannan nawa ma yana lanƙwasa layi, yana duhunta kusurwa, yana sa launi a gefen abu. Amma waɗanda suka ƙera shi sun auna aibunsa kaf, kyamara tana riƙe da lissafin. Da ta ji sunansa ta san inda yake karkata da ko nawa ne, sai ta miƙar kafin ma ka ga hoton."

Ya zuge zip, ya zazzage safar, ya miƙo mini gilashin.

"Juya bayansa. Ina ɗigon?"

Babu. Baƙin ƙarfe ne kawai da zare.

"Bebe ne. Na saye shi a bakin titi lokacin ban san komai ba, na yi biki ɗaya da shi, gwaggon amarya da ke gefe ta fito kamar randa, na ɓoye shi. Ka ɗaura shi a gaba, kyamara ba ta san da zuwansa ba. Ta gyara aibun wanda ta sani, ta bar na baƙon yadda yake, ta kuma rubuta cewa komai lafiya. Abin da ke tsakiya ba ya nunawa sosai, shi ya sa Baffa ya fito daidai. Na gefe ne ke shan wahala." Ya mayar da lens ɗinsa har ya yi ƙas. "Yaushe ka san hoton ba daidai yake ba?"

"Tun a wurin."

"Rubutun ungozoma fa?"

Ya dube ni, irin kallon da na gwammace mari a kansa.

Shi ya gaya wa Baba, ni ina tsaye. Baba bai zage ni ba. Ya ce, "A gabana ka ce ba ka taɓa ba," ya sa hularsa ya fita, muka bi shi a baya. Yaya ya ce ni zan riƙe gilashin, a hannu, ba a aljihu ba.

Baffa yana wurin, ya gama sauke layi biyun, ya jera bulon a gefe kamar sababbi. Yaya ya tsaya inda na tsaya, ya ɗauki katangar ba gilashi, ya nuna musu: rabi ce, a miƙe. Ya karɓi gilashin ya murɗa, ya sake ɗauka: ga ta duka, ga ciki ya dawo, har katangar maƙwabci da ya juya ya ɗauka ita ma ta kumbura, har turken lantarki ya rusuna. Ya sa mai shagon nan ya ɗauki bidiyon duk abin da yake yi, daga ɗaurawa har cirewa, aka tura wa Dakta.

Baffa ya karɓi gilashin, ya leƙa ta ciki ya kalli tafin hannunsa, ya juya shi, ya auna nauyinsa.

"Wato ba idona ba ne."

"Ba idonka ba ne, Baffa," in ji Yaya.

"Alhamdu lillahi." Ya faɗa har sau biyu, ya zauna a kan bulon da ya sauke.

Baba ya ce, "Akwai saura. Faɗa masa da bakinka."

Na durƙusa a kan yashi. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, sai da na nemo murya kamar daga rijiya. Na ce ni na ɗaura gilashin, ni na tura hoton, ni na rubuta maganar ungozoma.

Baffa ya daɗe yana kallona.

"Ranar da ka kawo mana ruwa a zaure, ka sani?"

"Na sani, Baffa."

"Jiya fa, da ka taya ni jera bulo?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya kalli saman katangar inda ya cire aikinsa.

"Da ka faɗa jiya, da na bar layi ɗaya," ya ce. Sannan ya ce wa Baba, "Malam, kada ka dake shi. Tashi, ɗan Malam, yashin da zafi."

Na fi son a ce ya jefe ni da cokalin gini. Da na samu abin ba da labari.

Dakta ya kira da yamma, ya nemi a ba Baffa waya, ya ba shi haƙuri sosai, na ji yana roƙonsa ya yafe masa don Allah. Amma tun ran Litinin ya riga ya ba wani ɗan kwangila daga Kano aikin ta hannun surukinsa, an yi magana an gama, mutanen ma sun sa ranar zuwa, ya ce ba zai iya warwarewa ba. Baba ya hau mota ya je Lajawa da bidiyon. Alhaji ya kalla, ya yi salati, ya ce ai da ya sani, sai dai wani maginin ya riga ya fara haƙa.

Na saka hotuna biyun, mai gilashi da marar gilashi, a guruf ɗin ajinmu, na rubuta dogon bayani, har da ɗige-ɗigen zinare da yadda kyamara ke gane lens, na ce katangar lafiyarta ƙalau, maginin kuma gwani ne, ni ne na yi ƙarya. Mutum uku suka karanta har ƙarshe, a iya sanina. Ɗaya ya ce bayanin ya yi tsawo. Ba wanda ya tura shi ko'ina.

Mutanen Kano suka zo suka mayar da layi biyun da bulon da Baffa ya kankare, suka zuba linta a kan katangarsa ba su canza komai ba, aka rufa kwano kafin ruwan farko. Baffa ya kwashe kayan aikinsa ya koma Darki ya yi sharar gona da wuri. Bai sake samun gini a Wudil ba sai bayan an girbe gero.